Maɓallan Kawu Elwood

A garinmu na Sprague Harbor, can gabashin jihar Maine ta Amurka inda kwalta ke ƙarewa teku ya karɓa, ba a tambayar tsoho shekarunsa, kwat ɗinsa ake dubawa. Kwat ɗin sojan ruwa nake nufi, gajeren nan mai kaurin ulu, shuɗi har ya kusa baƙi, mai faffaɗar kwala da maɓallai layi biyu. Idan kafaɗun sun fara toka-toka, kwalar ta yi laushi kamar kunnen kare, to mai shi ya daɗe da sauka daga jirgin gwamnati, kuma ya sami izinin zama kusa da murhu a shagona yana koya mini yadda ake dafa gahawa, ni da na ƙarar da ƙuruciyata a kan tukunyarta.

Cikin masu koya mini ɗin nan babu wanda ya kai Kawu Elwood Beal naci. Yayan mahaifiyata ne. Ya shiga sojan ruwa yana ɗan shekara sha takwas, siriri kamar filafilin kwalekwale. Mai rabon kaya ya dube shi sama da ƙasa, ya miƙo masa kwat ɗin da mutum biyu za su shiga su yi hira, ya ce, "Ka riƙa cin abinci, yaro, za ka cika shi." Kawu mutum ne mai biyayya. Ya ɗauki maganar a matsayin umarni, kuma tunda babu wanda ya zo ya soke umarnin, bai daina ba.

Bai taɓa harbin kowa ba, kuma ba ya ɓoyewa. Yaƙinsa da ƙanƙara ya yi shi, a wani ƙaramin jirgi mai sintiri a tekun arewa, inda ruwa ke fallatsowa ya daskare a kan ƙarfe tun bai gangara ba, sai an bi shi da guduma ana fasawa don kada nauyi ya kifar da jirgin. Yakan ce a can ya gane kwat ɗin nan ya fi wasu dangi amfani. Da ya dawo gida ya karɓi jirgin wasiƙu da ke zagaya tsibiranmu, ya riƙe shi har gashin kansa ya ƙare. Suna ne kawai na wasiƙu, don babu abin da bai ɗauka ba: buhunan fulawa, sababbin malaman makaranta masu amai, mata masu naƙuda, akwatunan gawa, har wata saniya da ta yi tafiyar tana hararsa kamar shi ya ƙirƙiro teku. Duk wanda ya hau jirgin Kawu ya sauka da ƙafarsa, in ban da waɗanda dama a kwance aka ɗora su. Wannan shi ne alfaharinsa, kuma namu ne mu ma, ko da yake ba ma faɗa a gabansa don kada ya ƙara faɗi.

Matarsa, Inna Verna, 'yar manoman dankali ce daga arewacin jiha, inda mutum zai yi tafiyar yini bai ga ruwan da ya fi na bokiti ba. Kawu ya je taya wani abokinsa tonon dankali, ya dawo da ciwon baya da alkawarin aure. A nan ta haifi 'ya'yanta, a nan ta aurar da su, a nan ta binne surukanta, amma har yau in ana zancenta sai ka ji an ce, "Ai Verna baƙuwa ce." Ba da mugunta ba. Kawai dai ita in ta leƙa taga rana take dubawa ko hadari, mu kuwa tuta muke dubawa mu ga inda iska ta nufa. Abin da ta iya, wanda babu 'yar garin da ta kama ƙafarta, shi ne girki. Waken da take gasawa da maɗi ranar Asabar, da miyar kifi da madara, da biskit mai zafi man shanu na narkewa a kai, su suka ƙarasa aikin da mai rabon kaya ya fara.

Iska kuwa a wurinmu ba abar wasa ba ce. Mutum na iya yin ƙarya kan girman kifin da ya kama, ko kan gudun jirginsa, a yi dariya a wuce. Amma ba a yin ƙarya kan iska, don wani na iya jin maganarka ya kwance igiya ya fita. Saboda ita ma aka yi wa kwat ɗin maɓallai layi biyu da ramuka a kowane gefe. In ta hagu take bugunka, ka ɗora gefen hagu a sama ka ɓalla, ta zame ta wuce. In ta dama take, ka ɗora na dama. Tsofaffinmu ba sa ma tunani, hannu ne ke yi da kansa. Baƙin da ke zuwa hutu su ma sukan sayi irinsa sabo fil a kanti, su rufe shi ta gefen da suka ga dama, iska ta shige ta hura su kamar balan-balan, suna tafe suna cewa kwat ɗin bai da ɗumi. Ba ma ce musu komai. Mukan dai matsa kusa da taga.

Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba muke tuna waɗanda suka fita ba su dawo ba. In an tashi daga coci, duk wanda ya taɓa karɓar kwat ɗin gwamnati sai ya saɓo nasa, a gangara matsayar jirage, doguwar gadar katakon nan da ta miƙe cikin ruwa. Su jeru a ƙarshenta suna fuskantar teku, sauran gari na bayansu, fasto ya karanta sunaye. Wanda ya fi kowa tsufa a layin shi ke riƙe gammon ganye da furanni da mata suka saƙa, in sunaye sun ƙare ya jefa shi ruwa. Dokar ba a rubuce take ba, shi ya sa babu mai iya gyara ta: mai riƙe gammo zai tsaya cikin kwat ɗin da aka ba shi, yadda aka ba shi, ba a buɗa ba a ƙara, a rufe ruf tun daga ƙasa har wuya. In ya kasa, na bayansa ya karɓa.

Cikin sunayen akwai Carroll Beal, ƙanin Kawu. Ya fita ɗaga tarkunan lobsta, ƙaton jatan landen nan na teku, wata safiya, aka hangi jirginsa na ta zagaye babu kowa a ciki. Kawu ne ya isa wurin, shi ya kashe injin, shi ya jawo jirgin gida. Bai taɓa ba ni wannan labari ba, mutumin da ya ba ni labarin saniya har na haddace. Abin da kawai na taɓa ji daga bakinsa, wata shekara muna hawowa daga matsaya, shi ne, "Kafin in mutu, ni zan jefa wa yaron nan."

Sai dai tsoho Thurlow Eaton ya ƙi ba da wuri. Ya riƙe gammon shekara da shekaru, yana ta ramewa har ya koma kamar an rataye kwat a jikin tsintsiya. Sai da ya leƙa ɗari sannan ya haƙura, da narkewar ƙanƙara a shekarar da nake ba ku labari. Aka dawo daga binne shi aka duba, Kawu ne babba. Na bayansa kuma, da tazarar da ba ta kai wata guda ba, Orrin Alley.

Orrin da Kawu tun suna aji ɗaya suke faɗa, kuma ba su taɓa yini ba su nemi juna ba. A soja Orrin ne mai tsawa a saman jirgi, mai jera mutane ya juya su, kuma muryar ba ta yi ritaya tare da shi ba. Busasshe ne kamar ƙayar kifi. Washegarin jana'iza ya shigo shago ya tarar da Kawu da donat biyu a faranti.

"Ci, ganga, ci," in ji Orrin. "Lyman, ƙaro masa ɗaya. Mai sukarin nan."

"Yau kuma daga ina alheri ya taso?" in ji Kawu.

"Gammo nake nema. Yaushe rabon maɓallin cibiyarka da raminsa? Kullum ka tsaya a layi ka naɗe hannu a ciki, wai kai mai jimami, alhali ƙofa kake tarewa. Mun gani, Elwood. Wanda bai gani ba ma ya ji, don iska na shiga tana fito."

Kawu ya dubi donat, ya dubi Orrin. Ya turo farantin gabana a hankali, kamar mai miƙa ɗansa makarantar kwana.

"Ɗauke, Lyman. Baƙar gahawa kawai daga yau."

"Kawu, ai ka riga ka gatsa ɗaya."

"To bar wannan, kada a yi ɓarna. Ɗauke ɗayan."

Haka muka shiga lokacin zafi. Kullum da safe ya hau tudun coci da ƙafa ya gangaro, yana huci kamar tsohon jirginsa. Ya bar biskit. Ya bar man shanu, ya ce tsakaninsu sai gaisuwa. Ranar bikin lobsta aka gan shi a gefe da farantin ganye, yana tauna da fuskar wanda aka yi wa sata. Inna Verna ce ta fi shan wuya. Ta zo wurin mahaifiyata ido ja-wur.

"Arlene, mutumin nan ya mayar da ni kamar ban iya komai ba. In dafa, ya shinshina, ya ce na gode. Jiya na kama shi yana yi wa firji magana."

"Me yake ce masa?"

"Haƙuri yake ba shi."

Kowace Asabar sai ya gwada. Ya ja numfashi, ya shanye ciki, fuska ta yi ja. Na sama su shiga, na ƙasa ya shiga, na tsakiya su tsaya suna hangen ramukansu kamar mai hangen tsibiri babu jirgi. Ya ragu, ba a ce bai ragu ba, har sai da ya ƙara wa bel ɗinsa huda. Amma cikin da aka yi rabin rayuwa ana ginawa ba ya rushewa a 'yan watanni. Da Oktoba ta kama, saura kamar faɗin yatsa biyu, kuma daga nan abin ya tsaya cak. Ya ƙara rage abinci, jiri ya fara ɗibarsa. Rannan ya zauna a matakalar coci ya kasa tashi sai da fasto ya kawo masa ruwa.

Ni na kai shi asibiti a babban gari. Likita ta ce ya koma cin abinci. Ya ce mata to, bayan Lahadin ƙarshe. A hanyar dawowa, da muka hango ruwa, ya juyo ya dube ni.

"In bai rufu ba, Lyman, Orrin ne zai jefa. Zai jefa da kyau, ban ce ba zai iya ba. Amma bai san yaron ba kamar ni."

Abin da ba mu sani ba, muna can asibiti Inna Verna ta sauko da kwat ɗin, ta zauna bakin taga da allura da baƙin zare mai kauri. Ta sha ganin yadda yake gwadawa, kullum hagu a sama, don a ƙarshen Oktoba iskarmu daga arewa take zuwa, ta hagun mai fuskantar teku, tun zamanin kakanni. Sai ta cire layin maɓallan da yake amfani da su, ta matsar da su kusa da bakin kwat da faɗin yatsa biyu, ta ɗinke tam, ta bi wurin da burushi. Ɗayan layin ba ta taɓa shi ba. A ganinta ado ne. Ba ta gaya wa kowa ba, don tana tsammanin ita ce mace ta farko a tarihin garin da ta aikata wannan zunubi.

Asabar ta zo, kwat ya rufu.

Ya shigo shago a rufe har wuya, ya tsaya a tsakiyar ɗaki. Orrin ya ajiye kofinsa, ya tashi ya zagaya shi. Ya ja kwala. Ya ƙwanƙwasa cikin da yatsa kamar mai sayen kankana.

"Numfasa in gani."

Kawu ya numfasa. Babu abin da ya tashi sama.

"Zauna."

"Doka ba ta ce a zauna ba."

"Hm," in ji Orrin. Ya koma kujerarsa. "To, ganga ta zama tulu. Sannu da ƙoƙari." Daga bakin Orrin wannan daidai yake da lambar yabo, kuma Kawu ya sani, don sai da ya fita waje ya daɗe yana fyace hanci.

Ranar Lahadi na fito da safe na ji wani ɗumi mai laima yana shafar fuskata. Na ɗaga kai, tutar gidan waya ta miƙe tana nuna arewa. Iskar kudu ce. Mahaifiyata ta ce rabonta da ganin haka a wannan rana tun tana budurwa. Ban damu ba, don ban san akwai abin damuwa ba.

Aka tashi daga coci aka gangara, masu kwat a gaba, kowa nasa a buɗe yadda aka saba. Wasu da sanda, ɗaya a keken guragu matarsa na turawa, a ƙarshen layi kuma mata biyu da suka yi soja a baya-bayan nan, nasu na ƙyalli tukuna. Suka jeru suna fuskantar teku. Orrin, tunda shi ke da murya, ya ce, "A rufe!"

Hannaye suka tashi, kowa ya ɗora dama a sama. Kawu ya ba fasto riƙon gammo, shi ma ya ɗora dama a sama. Na wuya ya shiga. Na biye da shi ya shiga da ƙyar. Na uku ya ƙi. Ya ja numfashi ya sake ja, ya sake, har na ji ɗinki na kuka daga inda nake tsaye. Sai ya sunkuyar da kai.

A kan ulun da ya koɗe, ga tabo-tabo baƙi ƙirin a jere, kowanne a gefen maɓalli, inda maɓallin ya zauna tun Kawu na saurayi yana kare wurin daga rana. In hagu na sama bakin kwat na rufe su, yanzu kuwa ga su a fili. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya waiwayo, bai nemi kowa a cikin jama'a ba sai Inna Verna. Ta sa hannu biyu ta rufe baki.

Mahaifiyata ta damƙe damtsena. "Wayyo Verna," ta ce ƙasa-ƙasa. "Layi ɗaya ta matsar."

"Mama, dama ana matsarwa?"

"Yi mini shiru. Kana tsammanin mazan garin nan ba sa ƙiba ne? Na ubanka sai da na kai maɓallan bakin gaɓa. Amma duka biyun ake matsarwa, kowace 'yar gari ta san wannan tun kafin ta iya dafa ruwa."

"Har na Orrin?"

"Na Orrin ciki Glenys ta matsar da su, don kada iska ta ɗauke mata miji." Ta dubi Inna Verna. "Laifinmu ne. Tun tana amarya muke cin biskit ɗinta, babu wadda ta ja ta gefe ta gaya mata."

Kawu ya karɓi gammo daga hannun fasto, ya taka zuwa gaban Orrin, kwat a buɗe, ya miƙa masa.

"Karɓi. Bai rufu ba."

Orrin ko kallon gammon bai yi ba. Ya lashi yatsa, ya ɗaga sama, ya yi fuskar mai nazari.

"Ta juya," in ji shi da ƙarfi. "Arewa ce. Kowa ya sauya."

Tutar da ke kan matsaya na kaɗawa fat-fat tana ƙaryata shi a gaban gari duka. Duk da haka na ga hannayen tsofaffin sun fara tashi zuwa maɓallansu, ɗaya bayan ɗaya.

"Kada wanda ya taɓa," in ji Kawu. Bai ɗaga murya ba, amma ta kai ƙarshen layi. "Kudu ce, Orrin. Ka san kudu ce. Ba a gaban sunayen nan ba."

Orrin ya sauke yatsa. Ban taɓa ganin kunya a fuskarsa ba sai ranar, kuma ba ta yi masa kyau ba.

"Kuma an taɓa kwat ɗin," in ji Kawu.

"Kai ka taɓa?"

"A'a."

"To ni ban ga wanda ya isa ya kafa wa Verna doka ba. Kai ka iya? Ko gishirin miya ba ka taɓa sa ta rage ba. Tun da aka binne Thurlow kake cin ciyawa kamar zomo, gari duka na kallo, har ka kusa bin sa. Wanda ke da magana a layin nan ya fito ya faɗa."

Babu wanda ya fito. Wasu ma, na lura, sun ɗan dafe nasu maɓallan suna kallon ƙasa, kamar waɗanda wani zato ya fara zo wa.

"Ko da haka," in ji Kawu, "ta hagu kawai yake rufuwa, iska kuwa ta dama take. Ba zan tsaya wa Carroll da kwat a baibai kamar ɗan hutu ba."

Orrin ya dubi teku, ya dubi tuta, ya dubi jama'a. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa, don kunnuwansa sai da suka motsa. Ya ja baya, ya cika ƙirjin da ba shi da shi, ya saki muryar da ta tashi tsuntsaye daga kan duk jiragen da ke matsaya.

"Layi! A juya baya!"

Jikinsu bai manta tsawar nan ba. Kafin su yi tunani sun juya, wasu ta dama wasu ta hagu, sanduna na karo, mai keken guragu na ce wa matarsa ta yi sauri kada a bar shi. Suka tsaya suna fuskantarmu, teku a bayansu.

"Elwood Beal! Ta ina iska ke bugunka?"

Kawu ya ɗan karkata kai, ya saurara da kumatunsa.

"Ta hagu."

"Ƙarya na yi?"

"A'a."

"To a rufe!"

Aka kwance aka sake ɗorawa, hagu a sama. An ɗauki lokaci, don yatsun tsofaffi ba sa gaggawa, kuma babu wanda ya yi tari. Kawu ya fara daga ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, har ya kai na wuya. Ya ɗaga kwala. Ya rungumi gammo, ya miƙe tsaye, sai ga shi ya ƙara tsawo.

Tun muna yara bayan tsofaffin nan muke gani a wannan rana. Ranar muka ga fuskokinsu, su ma suka ga namu. Fasto ya fara karantawa, kuma kowane suna da inda yake sauka: wannan a kan wata tsohuwa mai jan gyale, wancan a kan wani magidanci da bai taɓa ganin ubansa ba. Su da suke faɗa wa teku sunayen shekara da shekaru, yau suna kallon inda suke faɗawa. Orrin ya hau hararar sama kamar sama ce ta yi masa laifi. Da aka ce Carroll Beal, Kawu ya dubi mahaifiyata, ita ma ta dube shi. Babu wanda ya sunkuya a cikinsu.

Sunaye suka ƙare. Saura jifa, teku kuwa na baya.

"Juya ka jefa mana," in ji Orrin, da raɗar da har na bayanmu suka ji. "Ƙiftawar ido ce. Babu mai gani."

"Ni zan gani."

Ya fara ja da baya a hankali, yana laluben katako da dugadugai, har ya kai gungumen ƙarshe. Orrin ya yi wuf ya damƙi gefen kwat ɗinsa. Kawu ya riƙe gammon da hannu biyu, ya sauke shi har gwiwa, ya ɗan lilo shi yadda yake lilo igiya in zai jefa wa matsaya, ya wurga ta saman kansa. Gammon ya tashi, iska ta tallafe shi, ya juya a sama ya sauka a kwance a kan ruwa, furanni a sama.

Duk mun gani. Shi kaɗai ne bai gani ba.

"Arlene, ya shiga?"

"Ya shiga, Elwood. A kwance ya sauka."

Ya gyaɗa kai. Bai motsa daga wurin ba.

"Matso daga bakin nan," in ji Orrin. "In ka faɗa babu mai iya tsamo ka, sai an kira jirgin ɗaga kaya."

"Sake ni."

"Ba zan sake ba."

Kawu ya ƙyale shi. Ya ɗaga kai ya ce, "Verna."

Jama'a suka dare. Ta taho a kan katakon nan tana taka shi kamar zai karye, hanci ja, jaka a ƙirji, har ta tsaya a gabansa.

"Elwood, ni dai na ga kana..."

"Tsaya nan," in ji shi. "Ni ba na gani. Ki riƙa gaya mini inda ya kai."

Ta share ido da bayan hannu, ta leƙa ta saman kafaɗarsa.

"Yana tafiya. Ya kusa jan abin nan mai rawa a kan ruwa."

"Alamar hanya ce."

"To ya kai ta. Ya wuce ta."

"Ta wane gefe?"

"Ta... gefen gidan su Glenys."

Orrin ya buɗe baki zai gyara mata, Kawu ya taka masa ƙafa.

"Madalla," in ji Kawu. "Ruwa na fita da shi ke nan. Ci gaba."